Idan babban ɗan wasanka ya yi fushi a Football Manager, ga yadda nake bi da shi

Ranar Asabar da daddare ƙanina ya shigo ɗakina a nan Agege rungume da laftof, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce "Yaya dan Allah duba min, yaran nan sun haɗe min kai." An ɗauke wuta tun magariba, cajinsa saura ƙiris, sai na tada ƙaramin janareta na jona masa muka zauna. Gem ɗin Football Manager yake bugawa, wanda a cikinsa kai ne kocin kulob ɗin ƙwallo. Ina dubawa na gane inda gizo ke saƙar. Ɗan gabansa ne, wanda ya fi kowa ci masa ƙwallo, wani babban kulob ya kawo tayi a watan Agusta, shi kuma ya yi fatali da tayin ko magana bai yi da yaron ba, yaron ya zo yana ƙorafi, ƙanina ya tsorata ya danna amsar da yake ganin za ta kashe wutar nan take, wato ya yi masa alkawarin in tayi ya sake zuwa zai bar shi ya tafi, Janairu ta zo tayi ya sake zuwa ya kuma ƙi. Yanzu ba yaron kaɗai ke fushi ba, mutum shida ne suka taso a bayansa har da kyaftin, kulob ɗin da ke na uku a tebur ya gangaro na tara.

Abin da na faɗa masa a daren shi zan faɗa maka, don wallahi na daɗe ina buga gem ɗin nan kuma na ga sef da yawa, wato wasan da mutum ya adana yake ci gaba da shi, sun lalace ba don dabarar wasa ta gaza ba, sai don koci bai san me zai ce wa mutum ɗaya da ya shigo masa ofis rai a ɓace ba.

Da farko dai ka gane gem ɗin ya canza. Zamanin Championship Manager, wanda 'yan uwan nan biyu Paul da Oliver Collyer suka fara a 1992, da farkon shekarun da Sports Interactive suka koma sunan Football Manager a 2004 ƙarƙashin SEGA, in ɗan wasa ya kawo maka raini sai ka tura shi wajen ƙananan yara ya yi ta zama can, kai ka ci gaba da harkarka. Tun FM18, wato Football Manager 2018, da suka kawo shafin Dainamiks wannan ya zama ganganci. Shafin yana nuna maka 'yan wasanka hawa-hawa kamar dala, a can sama akwai shugabannin tawaga, ƙarƙashinsu masu faɗa a ji sosai, sai masu ɗan tasiri, sai sauran gama-gari. Yana kuma nuna maka wa ke zama da wa, rukunin abokai kenan, galibi waɗanda suka daɗe tare a kulob ko suke jin yare ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan lodi a kasuwar Mile 12 ya san abin da nake nufi, akwai wanda in ka saɓa masa shi kaɗai ka saɓa wa, akwai kuma wanda in ya ɗaure fuska motar tumatir sai ta kwana ba a sauke ba. To kafin ka ba ɗan wasan da ya yi fushi amsa ko ɗaya, fita daga hirar in zai yiwu, je ka duba a wane hawa yake kuma su wa ke tare da shi. In sabon zuwa ne da ba shi da jama'a, kana da sarari ka tsaya a kan bakanka. In shugaba ne, to kowace kalma da za ka faɗa masa ka ɗauka rabin ɗakin canja kaya ne ke sauraro.

Na biyu, ka duba halinsa. Rahoton mataimakinka yana faɗin halin kowane ɗan wasa a taƙaice, kuma a bayan wannan kalma ɗaya akwai ɓoyayyun lambobi daga 1 zuwa 20 da gem ba ya nuna maka kai tsaye, irin su ƙwarewa da riƙon aiki, buri, biyayya ga kulob, saurin fushi da son tada ƙura a jarida. Wanda aka ce maka ƙwararre ne mai riƙon aiki, ko yana fushi zai zo atisaye ya yi aikinsa ya buga maka wasa tsakani da Allah, irin wannan zaka iya cewa a'a ka jira lokaci ya sanyaya shi. Mai buri da yawa kuma biyayyarsa ƙasa take, wannan idan manyan kulob suka fara zagaye to ka fara neman magajinsa tun yau, ko me ka ba shi kwana kawai ka saya. Mai zafin rai shi ne mafi wahala, kar ka taɓa shiga hira da shi da kakkausar murya, sai ku rabu baram-baram.

Sai kuma dalilin fushin, don ba duk ciwo ne maganinsa ɗaya ba.

Wanda ya fi yawa shi ne rashin buga wasa, kuma gaskiya yawanci laifinmu ne mu masu koci. Lokacin da kake zawarcin ɗan wasa, a teburin kwantiragi akwai wajen da ake yarjejeniya a kan matsayinsa, tauraro ne, ko mai muhimmanci, ko mai fara wasa a kai a kai, ko ɗan tawaga da za a riƙa juyawa da shi, ko mai shigowa daga benci. Saboda zumuɗin ya sa hannu sai ka ba shi matsayin tauraro alhali kana da wasu biyu a gurbinsa, to ka ci bashi kenan, kuma gem yana ƙirgawa. Mintuna goma da kake ba shi a ƙarshen wasa ba sa biyan bashin, shi farawa yake so, kuma a wasan gasa ba na sada zumunta ba. Ni dokata ita ce a tawaga ɗaya kar taurari su wuce biyu ko uku, saura kuma in ba kowa matsayin da na san zan iya cikawa ko da ɗan ƙasa da abin da yake so ne, in ya ƙi sa hannu a haka ya tafi da alheri. In kuma ya riga ya zo yana ƙorafi, ka duba wasannin da ke gabanka kafin ka buɗe baki. Idan akwai wasannin kofi da na tsakiyar mako da yawa kuma ka san zaka fara da shi, yi masa alkawarin ka cika, ka riƙa leƙa shafin alkawura don yana nuna maka kwanakin da suka rage da ko yana ganin kana kan hanya. Idan kuwa ka san ba zai shiga ba, faɗa masa gaskiya cewa wanda ke gurbin yana kan ganiyarsa ba za ka cire shi ba. Zai iya ƙara fushi, amma fushin gaskiya ya fi na karya alkawari saurin hucewa nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan tsaya a kan maganar alkawarin nan don ita ce ta kashe ƙanina. Hausawa suka ce alkawari kaya ne, a gem ɗin nan kuwa kayan a rubuce yake da kwanan wata. Ɗan wasan da ka ce wa a'a yana fushi da hukuncinka ne kawai, abokansa ma wani lokaci sai su goyi bayanka su ce ai koci na da gaskiya. Amma wanda ka yi wa alkawari ka saɓa, ya daina yarda da kai gaba ɗaya, gobe ko ka zo da wata magana mai daɗi zai ce maka ai ka taɓa faɗa a baya, kuma sauran 'yan wasa suna gani, goyon bayan da suke ba ka yana raguwa. Akwai alkawuran da sam bana yi sai in babu makawa, kamar cewa za mu ci kofi, ko za mu samu gurbin gasar zakarun Turai, ko zan sayo babban ɗan wasa a gurbi kaza. Waɗannan ba a hannunka suke ba, rauni biyu a watan Maris ya isa ya rusa maka lissafi, ɗan wasan da ka sayo da kake ganin gwani ne shi kuma mai fushin ya ce bai kai ba. Wanda ke hannuna shi nake ɗauka, zan saka ka a wasa, zan buɗe maganar kwantiragi a ƙarshen kaka, zan mayar da kai gurbin da kake so. Kuma ka kula da ƙananan alkawuran da ejan, wato wakilin ɗan wasa, ke cusowa tun kafin a fara maganar kuɗi, mutane da yawa suna danna gaba ba su karanta ba, bayan wata uku su ga saƙo wai sun saɓa alkawarin da ba su ma san sun ɗauka ba. Cire duk wanda ba ka so tun a wurin.

To yanzu babbar magana, wato in manyan kulob sun zo nemansa shi kuma idonsa ya rufe.

Abu na farko da zaka duba shekara nawa ta rage a kwantiraginsa, don nan ƙarfinka yake. In saura shekara uku ko huɗu, sanda na hannunka. In saura shekara ɗaya, sanda na hannunsa, saboda tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare tafiya yake kyauta, kuma in ya rage wata shida kulob ɗin ƙasar waje na iya sa hannu da shi kana kallo ba abin da zaka iya, gem ɗin ma haka yake bi. Shi ya sa ni da zarar babban ɗan wasana ya shiga shekara biyu ta ƙarshe nake buɗe maganar sabuntawa tun yana cikin farin ciki, bana jira sai an fara raɗe-raɗi a jarida, kuma ina ƙoƙarin saka zaɓin ƙarin shekara ɗaya wanda kulob ke da ikon kunnawa.

Idan tayi ya shigo, kar ka danna ƙi kai tsaye kamar yadda ƙanina ya yi. Ka mayar musu da farashi, ka ɗaga shi sosai amma ba na hauka ba, sau da yawa su da kansu za su janye, in yaron ya zo sai ka ce masa kuɗin da suka kawo bai kai darajarsa ba. Amsar da ta fi yi min aiki ita ce mu zauna da shi mu yanke farashi, in ce duk wanda ya kawo kaza zan bar ka ka tafi. Zai yi ciniki, zai nemi ka rage, ku tsaya a inda in an biya ba za ka yi kuka ba. Amfaninta biyu ne, in ba wanda ya kawo kuɗin har aka rufe kasuwa to kai ka cika naka kuma yawanci sai ya haƙura ya koma aiki, in kuma an kawo to dole ka sake shi, a nan ne fa ba a wasa. Kar ka yanke farashin da a zuciyarka ka san ba za ka karɓa ba. Haka in a Sifaniya kake koci ka tuna kowane kwantiragi na da farashin fansa, duk wanda ya ajiye kuɗin ba sai ya nemi izininka ba, yadda PSG ta ajiye Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017, don haka a can faɗan da zaka yi tun a teburin kwantiragi ne, ka tura farashin sama iya yadda ejan zai yarda.

Wani lokacin kuma ka ce a'a kawai ka daure. Na taɓa yin haka da wani mai tsaron bayana da ke da shekara huɗu a kwantiragi, ƙwararre ne kuma ba shugaba ba ne, na ce masa ba inda za ka, ya yi fushi, na ci gaba da saka shi a kowane wasa, in ya yi atisaye mai kyau in yaba masa, in ya buga wasa mai kyau in kira shi shi kaɗai in faɗa masa, muna ta cin wasa, kafin ƙarshen shekara saƙo ya shigo cewa ya janye ƙorafinsa. Cin wasa yana wanke abubuwa da yawa a gem ɗin nan. Kuskuren da ake yi shi ne a hukunta mai fushi da benci, ka ga ka ƙara masa ƙorafi na biyu a kan na farko, darajarsa a kasuwa tana faɗuwa, kai kuma ka rasa gwaninka a fili. Ko a zahiri ai mun gani da ɗan Legas ɗinmu Osimhen, da maganar tafiyarsa ta cije a 2024 Napoli ta ajiye shi gefe, ƙarshe aro aka ba Galatasaray a watan Satumba, ya je ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Turkiyya suka ɗauki kofi, sai a 2025 aka yi cinikin dindindin a kan Yuro miliyan 75. A gidan kallon unguwarmu an yi wata guda ana musu a kan wa ya ci riba. Ni dai darasin da na ɗauka na kai cikin gem shi ne in zama ya ƙi, aro hanya ce, ɗan wasa na bugawa darajarsa na nan, ɗakin canja kaya kuma ya huta.

Maganar ƙarin albashi ba ta da wahala sosai amma tana da tarko. In yana bugawa da kyau kuma yana ganin wanda bai kai shi ba ya fi shi ɗauka, to yana da gaskiya, ka biya shi. Tarkon shi ne in ka fasa rufin albashi saboda mutum ɗaya, sauran manya za su biyo layi ɗaya bayan ɗaya kowa da ejan ɗinsa. Ka fara tuntuɓar ejan ka ji bakinsa kafin ka buɗe tattaunawa, don in ka buɗe kuka watse ba yarjejeniya fushin ninkuwa yake. Sannan ka tura kuɗin zuwa alawus na buga wasa da na cin ƙwallo da kuɗin sa hannu maimakon albashin mako. In tsakiyar kaka ce kuma bai daɗe da sabuntawa ba, cewa ya bari sai ƙarshen kaka tana wucewa sau da yawa, amma ka rubuta a takarda don kar ka manta.

Sabon zuwa da ya kasa sabawa da gari kuwa tausayi yake buƙata, mu da muka baro gida muka zo Ikko mun san yadda watannin farko suke, ba yare ba abinci ba ɗan uwa. Tura shi kwas ɗin koyon yare, ka sa wani babba mai jin yarensu ya karɓe shi tun ranar da ya iso, in kewar gida ta yi yawa ka ba shi hutu ya je ya dawo.

Akwai makami ɗaya da mutane ke mantawa da shi, wato kyaftin. Gem yana ba ka dama ka roƙi kyaftin ko wani shugaban tawaga ya je ya yi magana da mai fushin a madadinka, kuma in mutumin yana da kwarjini kuma yana tare da kai, sau da yawa yana kashe maganar ba tare da ka ɗauki alkawari ko ɗaya ba. In bai yi nasara ba ba ka rasa komai ba, hirarka tana nan. Shi ya sa bana wasa da zaɓen kyaftin, kuma bana karɓe kambu daga hannun dattijon tawaga haka kawai ba tare da na zauna da shi ba. Haka cin tara, in ka kafa dokar ladabtarwa a farkon kaka kuma 'yan wasa suka amince, bi ta daidai a kan kowa, wanda ya ƙi zuwa atisaye ko ya karɓi jan kati na ganganci a yanke masa, mafi yawa albashin mako biyu ne. Amma cin tarar mutum don ka ji haushin an ci ku a minti na 90, wannan neman rigima ne.

In kuma abin ya riga ya zama taron dangi kamar na ƙanina, sun zo su shida, to ka duba adadin waɗanda ke bayansa da waɗanda ke bayanka kafin ka shiga taron. In su kaɗan ne kuma ba manya ba, tsaya a kan bakanka cikin sanyin murya. In manyan ne suka taso kuma kai ne ka saɓa alkawari, kar ka tsaya kare kanka, ka amsa kuskure ka faɗi abin da zaka yi. Kocin da bai yi suna ba tukuna, wanda bai ci kofi ko ɗaya ba, shi ya fi shan wannan wahala don 'yan wasan suna ganin sun fi shi girma, saboda haka kakar farko a babban kulob ba lokacin nuna isa ba ne.

Mu dai a daren nan ga abin da muka yi. Kasuwar Janairu saura kwana tara a rufe, yaron saura wata goma sha takwas a kwantiragi kuma ya ce ba zai sabunta ba, kaga babu abin riƙewa. Muka amsa wa tawaga cewa za a sake shi, muka tallata shi ga kulob-kulob a farashin da ya ɗan haura tayin baya, biyu suka zo, muka zaɓi wanda ya yarda da kashi 20 na ribar sayarwa ta gaba ko da wani ɓangaren kuɗin biya kaɗan-kaɗan ne. Kafin mu danna amincewa na sa shi ya fara kammala maganar wanda zai maye gurbin, wani yaro da masu farauto wa kulob ɗin 'yan wasa suka daɗe suna yabawa, aka ba shi matsayin mai fara wasa a kai a kai ba tauraro ba, muka goge alkawura biyu da ejan ɗinsa ya so cusawa. Sai ƙanina ya kira kyaftin shi kaɗai ya yaba masa a kan atisaye. Man janareta ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya, ya yi sef ya rufe laftof ya tafi. Ranar Talata ina cikin danfo a gosulon Oshodi saƙonsa ya shigo, hoton shafin Dainamiks ne, jan da ke wajen yanayin ɗakin canja kaya ya koma ruwan ɗorawa, a ƙasa ya rubuta "Yaya mun ci biyu a jere, amma yanzu golana ne ke neman ƙarin albashi, me zan ce masa?" Na ce ya fara duba saura shekara nawa a kwantiraginsa, in na sauka zan kira shi.